A ba mu labarin masu raƙuman Marree

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na ji daɗin shirinku na makon jiya kan Musulman Ostareliya, sai dai kun tsaya a manyan birane, kun bar garin da ya fi cancanta a fara da shi. Ina nufin Marree, wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar hamada, kusan kilomita 600 arewa da birnin Adelaide da ke kudancin ƙasar, wanda mazaunansa a yau ba su kai ɗari biyu ba.

A wannan gari aka gina masallacin da ake ɗauka shi ne na farko a ƙasar. Ginin laka ne da rufin ciyawa, irin wanda kowane Bahaushe zai gane da gani ɗaya. Waɗanda suka gina shi masu raƙuma ne daga Afganistan da yankunan da suke Pakistan a yanzu, Turawa suka haɗa su duka suka kira su 'yan Afgan. A 1866 wani attajiri, Thomas Elder, ya kawo raƙuma sama da ɗari tare da masu kula da su, saboda doki ba ya jure ƙishin wannan ƙasa. Su suka yi dakon kayan layin tangaraho da aka kammala a 1872, su suka riƙa kai garin fulawa da shayi rugagen makiyaya, su dawo da ulu. Unguwarsu daban take a gefen gari, sun dasa dabino, wasu sun auri matan 'yan asalin ƙasar. Ni da na tashi ina ganin ayarin gishiri daga Bilma, na san irin wahalar da ke cikin wannan sana'a.

Da motoci suka zo, sai aka daina bukatarsu, aka saki raƙuma da yawa cikin daji. A 1980 kuma aka karkatar da layin dogo, jirgin ƙasa ya daina bi ta nan zuwa garin Alice Springs da ke tsakiyar ƙasar. Jirgin har yau ana kiransa Ghan, wato Afgan a taƙaice, sunan mutanen nan ke nan.

Jikokinsu suna nan, sun sake gina masallacin a kan tsohon fasalinsa, kuma ana yin tseren raƙuma a garin. Don Allah ku nemo ɗaya daga cikinsu ku yi hira da shi, mu ji abin da kakanninsa suka faɗa masa.

Mai sauraronku,
daga Damagaram