Kafin a haƙa harsashi, a zauna da zanen gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da magidanta masu shirin gina gidan da za su zauna da iyalinsu. Aikinmu zanen gine-gine ne da bibiyar aikin har a rufa, kuma akwai abin da ke damunmu ƙwarai. Mutum zai yi wata da watanni yana zaɓen tayil da launin fenti da irin fuskar da gidan zai nuna wa titi, amma tsarin ɗakuna, wanda shi ne ba ya gyaruwa sai da guduma, a zama ɗaya ake gama shi. Ya ce wa mai zane ɗaki huɗu da falo biyu, ko ya karɓo zanen da aka yi wa wani filin dabam ya miƙa wa birkila. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Yawan ɗakuna ba shi ne tsari ba. Tsari shi ne a san abin da za a sa a kowane ɗaki, da yadda mutanen gidan za su riƙa kai da kawo a tsakaninsu.

Da filin ake farawa. A samu mai safiyo ya auna shi ya kafa alamun iyaka, a kuma tambayi hukumar tsara gari ta yankin tazarar da ta wajabta a bari gaba da baya da gefe, domin kowane wuri da dokarsa. A takardar farko ta zanen a nuna arewa, da titi, da ɓangaren da iska ta fi zuwa, da inda ƙasa ta gangara, saboda can ruwan sama zai bi ko an so ko ba a so ba. Sannan a ware wurin mota, da tankin ruwa, da sokawe, da rijiya in za a yi, da wurin shanya. Mota ɗaya na buƙatar mita 3 a faɗi da mita 6 a tsawo in ana so a buɗe ƙofofinta a sake. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ainihin filin gini, kuma kusan kullum bai kai yadda mai gida yake zato ba. Fili mai faɗin mita 15, in an bar mita ɗaya da rabi kowane gefe, saura 12. Bangon waje biyu na bulo mai inci 9 da bangon ciki biyu na mai inci 6, haɗe da filasta, za su ci kusan santimita 90. Ke nan ɗaki biyu masu mita 3.6 da falo mai mita 3.9 a tsakaninsu, shi ke nan faɗin ya ƙare.

A nan ne muka fi son a tsaya. Duk adadin da aka rubuta a zane, a tambaya: daga ina zuwa ina aka auna? In daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango ne, ɗakin zai rasa kusan santimita 20 a faɗi, haka ma a tsawo. Awon da ya shafi mai gida shi ne na ciki da ciki, bayan an yi filasta.

A ɗauki ɗakin da kowa ya saba da shi, ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowace fuska. Babban gado mai katifar ƙafa 6, da katakonsa, yana cin kusan mita 1.9 a faɗi da mita 2 a tsawo. Sif ɗin kaya zurfinsa santimita 60 ne. In aka jingina shi a bangon gefen gado, abin da ya rage mita 1.1 ne kacal. Gaban sif yana son santimita 90 don a buɗe murfi a tsaya, sai ɗaya gefen gadon ya tashi da santimita 20, inda ko tsintsiya da kyar za ta shiga. Ƙarshenta a tura gadon jikin bango, mai kwana a ciki ya riƙa tsallake ɗan'uwansa. Shi ya sa ɗakin ma'aurata bai kamata ya gaza mita 3.6 da 4.2 ba. Ɗakin yara mai ƙananan gadaje biyu, kowanne santimita 90 a faɗi, zai zauna a 3.6 da 3.6, muddin ƙofa da taga ba su ɓata bangon ba.

Hanyar gane wannan ba ta da wuya. A nemi mai zane ya fitar da zanen a ma'aunin 1:50, inda santimita 2 a takarda ke wakiltar mita ɗaya a ƙasa. A auna gado da kujeru da firji da teburin cin abinci da ake da su ko ake shirin saya, a yanka ƙananan kwalaye daidai da wannan ma'auni, a jera su a kan zanen. Nan take za a ga ɗakin da ba shi da bangon da za a jingina gado, saboda bango ɗaya ƙofar shiga ce, ɗaya ƙofar banɗaki, biyu kuma tagogi ne a tsakiya. Ƙofa a kusa da kusurwa ake sa ta, a bar kamar santimita 10 daga bango, ta buɗe ta kwanta a jikinsa. Ƙofar da aka dasa a tsakiyar bango ta raba shi gida biyu, ba rabin da zai amfanu. A kuma zana yadda kowace ƙofa ke buɗewa, don sau da yawa ta ɗaki da ta banɗaki karo suke yi.

Bayan kaya sai zirga-zirga. A ɗauki fensir a bi hanyoyin da ake bi kowace rana: daga ƙofar gida zuwa kicin ɗauke da kaya, daga kicin zuwa wurin cin abinci da tukunya mai zafi, daga ɗakin yaro zuwa na uwarsa da tsakar dare, daga falo zuwa banɗakin da baƙo zai shiga, daga wurin wanki zuwa igiyar shanya. Duk layin da ya ratsa tsakiyar falo ya nuna falon ya zama hanya. Falo mai ƙofa biyar, komai girmansa, ba ya zaunuwa, domin ba inda za a jera kujeru ba tare da an tare wata ƙofa ba. Banɗakin baƙi kuma ya kasance kusa da mashiga, yadda ba sai an wuce ɗakunan kwana ba, kuma kada ƙofarsa ta kalli kujerun falo ko teburin abinci. A tsaya a bakin ƙofar shiga, a zane, a duba abin da ido zai fara gani. In gadon wani ne, to a juya ƙofar.

Korido ya kai mita 1.1 zuwa 1.2. Ƙasa da mita ɗaya, katifa da sif ba sa juya kwana, mutum biyu kuma sai sun karkace. Amma kada ya yi tsawo, don kuɗin bulo da rufi yake ci ba kowa ke zama a cikinsa ba, kuma a ba shi taga a ƙarshe, in ba haka ba sai an kunna fitila da rana tsaka.

Muna jin takaici in muka ga yadda ake yi wa kicin. Shi ne wurin da aka fi daɗewa a tsaye ana aiki, amma shi ake ba ragowar fili. Kantar aiki zurfinta santimita 60, tsayinta 85 zuwa 90. In kanta biyu na kallon juna, a bar mita 1.2 a tsakani, wato kicin ɗin ya kai mita 2.4 a faɗi, ko a samu mutum biyu su yi aiki ba tare da sun gogi juna ba. Murhu da wurin wanke-wanke da firji su kasance kusa, taku biyu ko uku, da ɗan fili na ajiye abu a gefen kowanne. Kada murhu ya zauna ƙarƙashin taga, iska na kashe wuta, labule kuma na kamawa. Kada ya zauna a bayan ƙofa. A ba kicin ƙofar fita waje, da sito a jikinsa, ko da mita 1.5 da 2 ne, mai ƙaramar taga a sama. Tukunyar gas a yi mata ɗan keji a waje mai shan iska. Wanda zai riƙa girki a gidan shi ya kamata a fara nuna wa wannan ɓangare na zanen, tun kafin mai zane ya kammala.

Sai zafi da iska. A ƙasashe masu zafi, bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin ya sake shi cikin ɗaki da dare. In fili ya ba da dama, dogayen bangaye da manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a bar wa yamma sito da banɗaki da matakala, ko a kare ta da baranda da bishiya. Girman tagogin ɗaki, wato faɗi sau tsawo, kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na girman ƙasansa. Amma girman taga kaɗai ba ya kawo iska, sai tana da mafita, wato taga a bango biyu dabam. Wannan ne ke sa zanen da ya cusa ɗaki a tsakiyar gida, ɗakuna sun kewaye shi, yake haifar da ɗakin da ba mai son kwana a ciki. Silin ya kai mita 3 daga ƙasa, don fanka ta samu sarari kuma zafi ya tashi sama.

Batun ruwa shi ne wanda in an yi kuskure ake biya shekara da shekaru. A tara wuraren ruwa waje ɗaya: banɗaki biyu su jingina da juna a bango guda, kicin da wurin wanki su kasance kusa da su, dukansu a bangon waje na ɓangaren da sokawe yake. Fayif ɗin masai mai inci 4 ne, kuma yana son gangara kamar santimita 2 a kowace mita. In banɗaki yana nesa da tankin masai da mita 20, fayif zai nutse santimita 40, ga kwana-kwana, kowace kwana kuma wurin toshewa ce da ke buƙatar ramin dubawa mai murfi. Fayif ɗin da ya bi ta ƙarƙashin falo, ranar da ya toshe ko ya tsage, tayil za a fasa. Banɗakin da ba ya jikin bangon waje ba shi da taga, sai wari da danshi da baƙin tabo a silin. Ƙasan banɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita 3 zuwa 5, ya gangara zuwa magudana, kuma a rubuta hakan a zane, domin in aka zuba kankare bai ɗaya, ruwan wanka ɗaki zai shigo. Mafi ƙanƙantar banɗaki mai masai da shawa da wurin wanke hannu shi ne kamar mita 1.5 da 2.1. Tsakanin sokawe da rijiya kuwa a nemi mita 30, a kuma duba na maƙwabta, don ruwan ƙasa bai san katanga ba.

Wanda yake da niyyar ɗora bene, ko da bayan shekara goma ne, ya faɗa tun yanzu. Harsashi da ginshiƙai da rodi na gidan bene dabam ne, injiniya ne kuma zai lissafa su, ba a ƙiyasta su da ido. Bangon sama dole ya zauna a kan bangon ƙasa ko a kan bim, wato kankare mai rodi da ake kwantarwa a kan ginshiƙai, banɗakin sama kuma a kan na ƙasa. Matakala ma tana da nata fili. In tsakanin daɓen ƙasa da na sama mita 3 ne, hawa 18 ake buƙata, kowanne ƙasa kaɗan da santimita 17, da wurin taka ƙafa santimita 27. In an naɗe ta biyu da wurin hutawa a tsakiya, za ta ci kusan mita 2.1 da 3.2. Matakalar da aka tuna da ita daga baya ita ce ke fitowa a tsaye, yara na faɗowa, dattawa na gudunta.

Iyali kuma canzawa yake yi. Yara za su girma su buƙaci raba ɗaki, iyaye za su tsufa. A bar ɗaki ɗaya da banɗakinsa a ƙasa, ba tudu ba matakala, ƙofofinsa duka santimita 90, saboda keken mara lafiya da kyar yake shiga ƙofar santimita 75 da aka saba sa wa banɗaki. In za a gina gidan kashi-kashi, a zana shi gaba ɗaya tun farko, a nuna bangon da za a buɗe nan gaba, kada ƙarin ɗaki ya toshe tagar wani.

Siffar gida ma kuɗi ce. Gida mai mita 10 da 10 da mai mita 5 da 20 faɗin ƙasansu ɗaya, amma bangon waje na farko mita 40 ne, na biyu mita 50. Ƙarin mita 10 a tsayin mita 3 ya kai kusan bulo 300, ban da harsashi da filasta da fenti. Kowace kusurwa da aka ƙara don ado tana haifar da kwari a rufin kwano, wato inda gangara biyu suka haɗu ruwa ke taruwa, yoyo kuma daga kwari yake farawa. Soket da makunnin fitila a sa su a zane bayan an jera kaya, kada su faɗa bayan sif ko bayan ƙofa.

Idan zanen ya kwanta wa kowa a rai, kada a kira masu haƙa tukuna. A je filin da turaku da igiya da tef, a fitar da ɗakunan a ƙasa da farar ƙasa ko toka. A daidaita kusurwa da awon 3, 4, 5: mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, in tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5 daidai, kusurwar ta miƙe. Sannan duk mutanen gidan su shiga ta inda ƙofa za ta kasance, su tsaya a kicin, su bi korido, su zaga inda gado zai zauna, da safe sau ɗaya, da la'asar sau ɗaya don a ga inda rana ke faɗawa. Duk gyaran da ya fito a mayar wa mai zane ya shigar da shi, a kai hukuma ta sa hannu, a ba birkila da mai aikin famfo da mai lantarki kwafi iri ɗaya mai kwanan wata, a karɓe tsofaffin daga hannunsu.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu zanen gine-gine da duba aikin gini