Katin bashi marar ruwa: a bi a hankali

Malam Edita, ka ba ni fili in ja kunnen 'yan uwa da ke zuwa Ingila karatu ko aiki. Bankunan nan suna tallar katin da za ka kwaso bashin wani katin ka zuba a kai, a ɗauke maka kuɗin ruwa na wasu watanni. Kunne ya ji daɗi, amma galibi sai an cire ladan canja wa bashin kati, wajen kashi 3 cikin 100 na bashin da ka kwaso, kuma ba a yarda ka canja tsakanin katunan banki ɗaya.

Tarkon yana wajen cefane. Rangwamen na tsohon bashi ne. In ka shiga kanti da katin, sabuwar sayayyar tana iya fara tara ruwa, tunda ba ka biya dukkan abin da ke kanka a watan ba. Cirar tsabar kuɗi a ATM ma ya fi muni. Ka makara biyan mafi ƙarancin kuɗin wata sau ɗaya, suna iya janye rangwamen.

Ni dai nawa yana cikin durowa, na raba bashin bisa yawan watannin, banki na cira da kansa. Mai gudun riba kuwa, ya tuntuɓi malami kafin ya sa hannu.

Naka,
Wani mai karatunku, Birmingham