A tura ɗaliban harsuna wuraren aiki tun suna karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan masu digirin harsunan waje da ke rasa aiki. Ɗalibi ya haddace nahawun Faransanci ko Larabci, amma a ce ya fassara takardar kwangila kafin gobe, ko ya yi tafinta tsakanin likita da majiyyaci, sai ya daburce. A ganina laifin manhaja ne.

A Birtaniya, masu wannan digiri kan yi shekara ta 3 a ƙasar da ake jin harshen, wasu suna koyarwa, wasu a kamfanoni. Jami'ar da ba ta da halin haka, ai ga gidajen rediyo, otal-otal da kamfanonin fassara da za ta iya tura ɗalibanta su yi aiki. Ko na wata 6 ne, a ba aikin maki, a kuma biya ɗalibin.

Naka,
Wani mai karatu