Ga Masu Shirin Karatu A Filifin: Ku Fara Da Wakilan Suna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana da iyaye da ɗalibai masu shirin tafiya ƙasar Filifin karatun likitanci ko aikin jinya. Ni ɗaliba ce 'yar Katsina, ina koyon aikin jinya a yankin Manila. Abin da ake yawan faɗa wa mai shirin tahowa shi ne Turanci kaɗai ya ishe shi. A aji gaskiya ne, domin tsarin mulkin ƙasar na 1987 ya sa Filipino da Ingilishi su ne harsunan hukuma, kuma da Ingilishi ake koyar da kimiyyar lafiya. Amma ranar da aka tura ki ɗakin marasa lafiya, tsohuwar da ke kwance a kan gado da Tagalog za ta yi miki kukan ciwonta, da shi kuma take jiran amsa.

Harshen da suke kira Filipino a kan Tagalog aka gina shi. A 1937, zamanin shugaba Manuel Quezon, aka zaɓi Tagalog daga cikin harsuna fiye da 100 na tsibiran ƙasar ya zama tushen harshen ƙasa. Shawarata ga duk mai son koyonsa ita ce ya ajiye haddar sunayen kayan kasuwa tukuna, ya fara da wakilan suna, waɗanda su suke kira panghalip. Ba su da yawa, amma a cikinsu ladabin mutanen yake.

Babban abin da Bahaushe zai fara karo da shi shi ne "mu" ɗinsu iri biyu ne. Akwai kami, wato mu ban da kai da nake wa magana. Akwai tayo, wato mu har da kai. In abokan karatunki suka ce "Kakain kami", sun shaida miki za su ci abinci ne, ba ki cikin lissafi. In suka ce "Kain tayo", gayyata ce, kamar dai yadda za ki iske mutum a gida da kwano a gabansa ya ce miki bismillah. Kusan ba za ki wuce ɗan Filifin yana cin abinci bai faɗi wannan ba, ko da mai gadin ƙofa ne da 'yar shinkafarsa a leda. 'Yan'uwanmu da suka tashi da Fillanci ba sa shan wahala a nan, domin su ma harshensu ya raba "mu" mai haɗawa da mai warewa. Mu da Hausa kaɗai muka sha a nono sai mun zauna mun horar da kunne.

A asibiti ne na ga amfanin tayo da idona. Wata babbar ma'aikaciyar jinya da nake bi zagaye, in ta zo ba tsohuwa magani, ba ta cewa "ki sha". Sai ta gyara mata matashi, ta ɗan sunkuya, ta ce "Lola, inom po tayo ng gamot", wato kaka, mu sha magani. Ita ba za ta sha komai ba, amma ta sa kanta a cikin wahalar. Tsohuwar da ta ɗaure fuska tun safe sai ta buɗe baki ta karɓa. A ganina wannan rabin aikin jinya ne, kuma ba a darasin Turanci ake samunsa ba.

Sai maganar girmamawa, inda mu Hausawa muke da sa'a. Kalmomin "ikaw" da "ka" su ne "kai" ko "ke" na sa'a da ƙani. Ana sa "ikaw" a farkon magana, "ka" kuma ba ya fara jimla, yana bin wata kalma ne, kamar a "Kumain ka na ba?", ka ci abinci? Babba kuwa kayo ake ce masa, wato "ku", a haɗa da 'yar kalmar ladabi po. Gaisuwar dattijo ita ce "Kumusta po kayo?", amsar "i" ga babba kuma opo ce. Wani lokaci ma sukan ƙara nisa su ce wa baƙon da ya buga ƙofa "Sino po sila?", wato su waye. Yaron da aka rena a gidan da ba a ce wa uba ko malami "kai" ya riga ya san hanyar, kalmomin kawai zai sauya. Abin da ke ba ni takaici shi ne ganin ɗalibi mai tarbiyya, wanda a gida ba zai taɓa ce wa kakarsa magana a tsaye ba, yana ce wa tsoho mai shekara saba'in ikaw saboda ba wanda ya koya masa. Ba za su tsawata masa ba, murmushi za su yi, amma sun ji.

Inda suka fi mu sauƙi shi ne jinsi. Siya na nufin shi, yana kuma nufin ita. Babu kai da ke, babu ka da ki. Wannan ne ya sa za ki ji ɗan Filifin yana Turanci yana musanya na namiji da na mace. Lokacin miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, kada ki dogara da wakilin suna, ki duba suna da lambar gado.

Wurin da ya fi ɗaure kai shi ne kowane wakilin suna yana da siga uku. "Ni" na da sigogin "ako", "ko" da "akin". Mu a Hausa namu da lokaci yake sauyawa: na ci, ina ci, zan ci. Nasu kuwa yana bin abin da jimlar ta sa a gaba ne. "Kumain ako ng isda" na nufin na ci kifi, magana a kaina take. "Kinain ko ang isda" na nufin na cinye kifin, wani kifi da aka sani, maganar ta koma kansa, shi ya sa "ako" ya zama "ko", kuma aikatau ɗin ma ya sauya. Akin shi ake amfani da shi wajen "gare ni" ko "nawa", kamar "para sa akin", domina. Haka kami yake da namin da amin, tayo yake da natin da atin. Kada a haddace su a jere kamar jadawalin lissafi. A ɗauki jimla guda da za a buƙata gobe a aiki, a juya ta ta ko'ina har baki ya saba.

Akwai kuma kita, kalma guda da ta haɗa "ni" mai aikatawa da "kai" da ake yi wa. "Tutulungan kita" na nufin zan taimake ka. Sai dai a yi hattara: wanda makarantarsa take Cebu ko Davao zai tarar harshen Cebuano aka fi yi a titi, kuma a can kita na nufin mu har da kai. Don haka kafin a sayi littafi, a tambaya wane harshe ake yi a garin da za a zauna.

Ina kira ga masu shirya wa ɗalibai tafiya, da ƙungiyoyin ɗalibanmu da suka riga suka iso, su ware ko da mako biyu na koyar da waɗannan kalmomi ga sababbin zuwa kafin a fara tura su asibiti. Iyaye kuma, in kuna yi wa yaro nasihar sallama, ku haɗa masa da cewa ya koyi po da kayo tun kafin ya hau jirgi.

Na gode da wannan dama da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Ɗalibar aikin jinya daga Katsina,
Manila, Filifin.