Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya kafa mana injin cila: ku sakar mana lambar sirrin injinmu

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni ne ke kula da sashen injina da gyare-gyare na wani otal mai ɗakin taro a birnin Kano, wanda kamfaninku ya kafa wa injin sanyaya ruwa, wato cila, a saman bene. Na rubuta wa ofishinku, na buga waya, na bi ta hannun wakilinku na nan Kano, kullum amsar ɗaya ce: za a turo yaro. Shi ya sa na fito da maganar fili, ko Allah ya sa ta kai kunnenka, kuma masu otal da asibiti da masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Challawa, waɗanda ke shirin sayen irin wannan injin, su san abin da za su tambaya kafin su sa hannu. Ban kama sunan kamfaninku ba, don gyara nake nema, ba tozarci ba.

Injin kansa ba na kuka da shi. Idan yana aiki yadda ya kamata, ruwa na fita daga cikinsa a digiri 7, ya zaga ɗakuna ya kwaso zafi, ya dawo a wajen digiri 12, kowa ya yi barci lafiya. Kukana a kan allon sarrafa shi ne. Mun biya kuɗin inji lakadan, amma lambar sirrin da ake shiga jadawalin kunnawa da kashewa tana aljihun ma'aikatanku, kuma sun ƙi ba mu.

Jadawalin da kuka bar mana na ofis ne: Litinin zuwa Juma'a, daga safe zuwa ƙarfe 6 na yamma, Asabar da Lahadi a kashe. Ranka ya daɗe, wa ya taɓa ganin ɗakin taro a Kano yana hutu ranar Asabar? Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi ne muke cin abincinmu: kamu, ɗaurin aure, walima, dina. A daidai lokacin ne injinku ke ɗauka ginin babu kowa. Abin da kawai kuka bar wa yaranmu shi ne maɓallin tilasta masa tashi, shi kuwa awa 4 yake ɗauka ya saki. An taɓa yin wata dina, amarya ta shigo ke nan ana liƙi, wa'adin ya cika, injin ya tsaya cak. Kafin yaro ya hau bene ya sake dannawa, kafin kwamfuresa, wato zuciyar injin mai matsa gas ɗin sanyi, ta cika mintunan jiran da aka tsara mata ta sake tashi, mata sun koma fifita da katin gayyata, kwalliya tana narkewa a fuska. Uwar amarya ni ta tara da faɗa, kuma tana da gaskiya. Kuɗinta ta biya.

Da azumi ya zo sai lamarin ya ƙara dagulewa. Baƙi na buƙatar sanyi sosai daga azahar zuwa bayan tarawihi, sannan kicin na tashi tun tsakar dare saboda sahur. Aikin minti biyar ne a kan allo a gyara wannan. Mun roƙa, aka ce sai mun biya kuɗin fitowa.

Sai maganar agogo. A cikin allon akwai ɗan batir mai kamar kwabo, shi ke riƙe lokaci idan an ɗauke wuta. Namu ya mutu. Duk sanda aka ɗauke wuta aka koma janareta, agogon sai ya koma baya, ya manta rana, ya manta awa. Jadawali kuwa agogo yake bi. Don haka mun sha tarar da injin yana ruri da ƙarfe 2 na dare a kan dizal yana sanyaya ɗakin taron da babu ko mutum ɗaya, da rana tsaka kuma ya kashe kansa. Shafin gyara agogon ma yana bayan wannan lambar sirrin. Akwatin allon kuma kun liƙa masa tambari, kun ce duk wanda ya buɗe ya zubar da garanti. Batirin da ake sayarwa a kowane shagon gyaran kwamfuta shi ya hana mu sakat.

Ba sai na gaya maka abin da wuta ta zama ba. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ko da an ɗan rage daga baya, duk awar da cila ta yi a banza muna jin ta a jikinmu. A ginin nan babu abin da ya kai ta shan wuta. Da hunturu, lokacin da mutane ke rufa da bargo da asuba, babu dalilin riƙe ruwa a digiri 7. Da za mu ɗaga shi zuwa 9 ko 10, kwamfuresa za ta huta, takardar kuɗin wuta ta sauka. Nan ma a kulle.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ma'aikatanku ke yi idan injin ya nuna matsala. Zuwa suke yi su shiga da lambarsu, su goge gargaɗin, injin ya tashi, su miƙo takarda a sa hannu. Ba a tambayar me ya jawo. Tarihin matsalolin da allon ke adanawa, mai nuna rana da awa da abin da ya faru, shi ma sharewa suke yi, mu kuwa ba mu da ikon duba shi.

Akwai lokacin da injin ya riƙa tsayawa yana nuna ruwa ba ya gudu. Ma'aikacinku ya zo, bai daɗe ba ya sauko ya ce an gama. Daga baya da na hau na duba, sai na ga ɗan guntun jan waya ya haɗe bakuna biyu na makunnin da ke lura da gudun ruwa. Wato ya rufe wa injin ido. Wallahi gabana ya faɗi. Duk wanda ya san cila ya san amfanin wannan makunni: idan famfo ya tsaya kwamfuresa na ci gaba da aiki, ruwan da ke kwance a cikin tukunyar sanyi, inda gas ke sanyaya shi, ƙanƙara zai zama, ƙanƙara kuwa kumbura take, ta fasa bututu, ruwa ya shiga hanyar gas, kwamfuresa ta tafi. Asarar miliyoyi ke nan, kuma na tabbata ranar za ku ce sakacinmu ne. Muka cire wayar, mai gyaran famfonmu ya kwance rariyar da ke gaban famfo. Cike take da tsatsa da yashi da guntayen ƙarfen walda tun na lokacin kafawa. Aka wanke, aka fitar da iskar da ta maƙale a bututu, gargaɗin bai sake dawowa ba.

Haka aka yi da bazara. Injin ya dinga yankewa tsakanin azahar da la'asar saboda matsin gas ya yi sama. Shawarar ma'aikacinku ita ce a saki gas kaɗan. Na hana. Irin wannan injin mai sanyaya kansa da fanka, ƙarfin da ake rubutawa a jikinsa na zafin waje digiri 35 ne, Kano kuwa a Afrilu tana haura 40, ga kwanon rufi da kankare na ƙara masa. Na haska fitila a bayan kwandensa, wato sashen da fanka ke hurawa don fitar da zafi, haske bai ratsa ba, ƙurar hunturu ta toshe tsakanin siraran ƙarafan nan kamar an yaɓa laka. Wanke ta da ruwa a hankali shi ne maganin, kuma yana rubuce a cikin yarjejeniyar kulawa da muke biyan ku duk shekara. Da an saki gas ɗin, da an rage wa injin ƙarfi, an gurɓata iska, sannan a dawo a sayar mana da wani.

Har yanzu akwai wadda ba a warware ba. Allo na nuna ruwa na fita a digiri 7, ma'aunin da ke jikin bututu na nuna 11. Ɗayansu ƙarya yake yi. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a zare sensa, wato 'yar na'urar da ke auna wa allo sanyin ruwa, a tsoma ta cikin kofin ruwan ƙanƙara, idan ba ta nuna sifili ko kusa da shi ba, ta lalace. Na faɗa wa yaranku haka, suka ce sai an turo injiniya daga Legas.

Na san dalilin da ya sa ake kulle wasu shafuka, kuma na yarda da shi. Iyakar matsin gas, iyakar sanyin da ke kare tukunya daga ƙanƙara, mintunan jiran kwamfuresa, kariyar layukan wuta uku idan ɗaya ya faɗi ko ƙarfin wuta ya sauka, duk waɗannan ku riƙe, ba ma so kowa ya taɓa. Ai shi ya sa masu ƙera injin suka yi lambar sirri hawa-hawa: ta mai aiki da shi kullum daban, ta mai gyara daban, ta masana'anta daban. Ta ƙasan muke nema. Haƙƙin mai inji ce, kuma riƙe ta da kuke yi bai kare komai ba sai kuɗin fitowa.

Don haka ina roƙon ka, ranka ya daɗe, ka sa a ba mu lambar mai aiki a rubuce, tare da littafin bayanin allon da ba a taɓa miƙa mana ba, wanda ke fassara kowace lambar matsala. A canza batirin agogo, a gwada sensar nan a gabana. A turo injiniya na gaske ya zauna da yarana wuni guda ya koya musu tsara jadawalin mako, da ranakun musamman irin na azumi da sallah. A daina goge tarihin matsaloli, kuma duk wanda ya zo gyara ya rubuta abin da ya tarar da abin da ya yi. Maganar jan wayar nan kuwa ina son amsarta a rubuce, domin ban san injina nawa ne a garin nan aka yi wa haka masu su ba su sani ba.

Yarjejeniyarmu da ku za ta ƙare a ƙarshen shekara. Idan wata guda ya wuce ba mu ga komai ba, na riga na ba masu otal ɗinmu shawarar kada a sabunta ta, kuma za mu kai takardunmu da hoton wayar ga hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC. Wakilinku na Kano yana da lambar wayata.

Wassalam.

Shugaban sashen injina da gyare-gyare,
wani otal a Kano