Yaranmu 'yan wasa a jami'o'in Amurka: da wane digiri za su dawo?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da shafinku na wasanni yake bi ta gefensa ya wuce. Duk ranar da wani ɗan Najeriya mai karatu a Amurka ya ci tsere ko ya yi bajinta a ƙwallon kwando, mukan ga hotonsa da sunan jami'arsa. Bayan an kwana biyu sai mu gan shi da rigar wata jami'a daban, a rubuta cewa ya sauya sheƙa, a wuce. Abin da ban taɓa gani an rubuta ba shi ne abin da yaron yake karantawa, da kuma halin da karatun nasa ya shiga ranar da ya kwashe kayansa.

Ni tsohon malamin wasanni ne na sakandare, na yi ritaya, ina zaune a Samaru. Wanda ya san Zariya ya san garin nan da ƙwallon kwando ba baƙin juna ba ne. Filin ABU ya yaye 'yan wasa masu yawa a hannun Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya zauna cikinmu shekara da shekaru, kuma a nan Masai Ujiri ya tashi. Shi kansa Masai shekara biyu ya yi a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa, daga nan ya koma wata jami'a a Billings ta jihar Montana, ya yi zango ɗaya ya bar ta ya tafi buga ƙwallo a Turai. Allah ya buɗa masa ta wata hanya, har ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA, gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019 yana shugabanta. To amma Masai ɗaya ne, yaran da ke filayen Zariya da Kano da Kaduna kuwa suna mafarkin Amurka ba su ƙidayuwa. Tun da suka ga Samuel Ogazi, ɗan Kaduna da ya tafi Jami'ar Alabama, ya kai zagayen ƙarshe na tseren mita 400 a wasannin Olamfik na Paris a 2024, mafarkin ya ƙara ƙarfi.

A da, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta ɗaure ɗan wasa tamau. Idan yana son barin makaranta sai ya nemi izini kafin ya ko yi magana da wata, kuma a manyan wasanni irin su ƙwallon kwando sai ya zauna shekara guda cur bai buga ba a sabuwar makarantar. A Oktoban 2018 aka buɗe wata rajista a intanet inda ɗan wasa zai sa a shigar da sunansa, kociyoyin ƙasar baki ɗaya su ga cewa yana neman wurin komawa. A 2021 aka yarda kowa ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman jiran ba. A ƙarshen 2023 wasu jihohi suka kai NCAA ƙara, wani alƙalin tarayya a West Virginia ya dakatar da abin da ya rage na dokar, sannan a Afrilun 2024 hukumar da kanta ta janye iyakar. Yanzu yaro na iya yin jami'a uku ko huɗu a shekara huɗu, muddin makinsa bai faɗi ba.

Ban zo in yi kukan wannan 'yanci ba, ina goyon bayansa. Kocin da ya zo har falon mahaifin yaro ya yi alkawari yana iya barin makarantar da daddare idan wata ta ƙara masa albashi, ba mai tsare shi. Zalunci ne a ce yaron da ya bi shi shi ne zai zauna a ɗaure. Damuwata ita ce an saki ƙafar ɗan wasa amma ba a saki karatunsa ba, kuma mu da muke nesa ba mu san haka ba.

Digiri na farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ɗalibi ya ci. Idan ɗalibi ya koma wata jami'a, ita ce za ta zauna ta duba takardar sakamakonsa kwas bayan kwas, ta ɗauki wanda ta ga dama. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Wannan fa ɗalibai ne gaba ɗaya, ba 'yan wasa kaɗai ba. Akwai kuma wata asarar da ba ta fitowa a lissafi: jami'a ta ce ta karɓi kwas ɗinka, amma ta ajiye shi a jerin kwasa-kwasan cike gurbi, ba a cikin na dole na fanninka ba. A takarda kiredit ɗinka yana nan, a digirin injiniya kuwa bai matsar da kai ko taku ɗaya ba. Duk wanda ya ga ɗalibi ya baro wata jami'a ya dawo ABU ko Bayero aka mayar da shi aji biyu zai gane abin da nake faɗa. Ga shi kuma jami'o'i da yawa ba sa ba ka digirinsu sai ka yi wani kaso na karatun a cikinsu.

Ɗalibin da ba ɗan wasa ba, in haka ta same shi, sai ya ƙara shekara ya biya bashin kwasa-kwasan. Ɗan wasa ba shi da wannan sararin. A babban rukunin NCAA, shekarun da aka ba shi ya buga wasa ƙayyadaddu ne, agogon kuma ba ya tsayawa. Dole ya zaɓi fannin digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, kuma a lokacin ya zama ya gama kashi 40 cikin ɗari na wannan digirin, kashi 60 kafin shekara ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. In bai cika ba, ba zai shiga fili ba. An kafa wannan doka da kyakkyawar niyya, don kada yaro ya gama wasa ya tashi ba digiri. Amma duba yadda take aiki a kan wanda ya sauya makaranta. Ya iso da kiredit da aka zaftare. In ya tsaya a kan injiniya, lissafin bai kai kashi 60 ba, ba wasa a bana. In ya koma wani fanni mai faɗi da ke haɗiye kowane irin kwas, nan take lissafin ya cika. Kocin da ya ɗauko shi yana son ya buga a bana, mai ba da shawarar karatu kuma ma'aikacin sashen wasanni ne. Ba sai an gaya wa mutum wanne za a tura yaron ba. Haka 'yan wasa suke taruwa a 'yan fannoni kaɗan, irin su digirin haɗa-ka da babu takamaiman fanni, ko sadarwa, ko sarrafa harkar wasanni.

Ba na raina waɗannan fannoni. Ni kaina ilimin motsa jiki na karanta, da shi na ci abinci na ciyar da iyali. Wanda ya zaɓe su da zuciyarsa, Allah ya sa albarka. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓa wa yaro saboda jadawalin atisaye. Kwasa-kwasan injiniya da kimiyya suna da awannin ɗakin gwaje-gwaje da rana, daidai lokacin atisaye. Aikin jinya yana da kwanakin asibiti da ba a ɗagawa don an tafi wasa wata jiha. A wasu jami'o'in, shiga makarantar dabam, samun gurbi a tsangayar kasuwanci ko injiniya dabam, kuma gurbin masu zuwa daga waje ƙalilan ne. Wata jami'ar ma ba ta da fannin kwata-kwata. A takarda NCAA ta ƙayyade awa 20 a mako na harkar wasa, amma tafiye-tafiye da jinyar rauni ba sa cikin wannan ƙidaya. Kuma kada a ce ƙananan makarantu ne kawai ke wasa da karatun yara. Binciken da aka fitar a 2014 a Jami'ar North Carolina ta Chapel Hill ya nuna an shafe shekara 18 ana ba da kwasa-kwasan da ba a shiga aji, ɗalibai kimanin 3,100 suka bi ta cikinsu, kusan rabi 'yan wasa ne.

Na ga wannan a kan wani yaro da na koyar. Dogo ne, mai natsuwa, gwanin lissafi, ya tafi da niyyar zama injiniyan gine-gine kuma ya fara da kyau. Sai aka sallami kocin da ya kai shi, sabon ya zo da nasa yaran, shi kuma ya koma benci. Ya sa sunansa a rajistar, wata makaranta ta kira shi, ya amsa cikin 'yan kwanaki don tsoron kada gurbin ya kuɓuce. Sai da ya isa aka gaya masa cewa in yana son bugawa a wannan kaka, to ya ajiye injiniya tukuna. Wannan "tukuna" ba ta ƙare ba har ya gama. Ya dawo gida da gwiwa mai ciwo da digirin da ba ya nuna sana'a. Mahaifinsa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya riƙo takardar ya zo gidana ya ce, "Malam, don Allah wannan digirin na mene ne?" Na yi masa bayani iyakar iyawata, amma na ga fuskarsa. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya ba ta yi wa mutum rajistar injiniya don ya yi shekara biyu yana karanta injiniya.

Wani zai ce ai yanzu akwai kuɗi a harkar. Gaskiya ne. Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya karɓar kuɗin talla da sunansa da hotonsa, kuma a Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace babbar jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan kuɗin ne ma yake ƙara ingiza sauye-sauyen. Sai dai kaso mafi tsoka na 'yan zari-rugar Amurka ne da 'yan ƙwallon kwando maza, ɗan tsere ɗan abin da zai samu kaɗan ne. Ɗan Najeriya kuma da bizar ɗalibi yake zaune, wadda ta taƙaita masa aikin kuɗi ƙwarai, don haka abin da abokin wasansa Ba'amurke zai karɓa hankali kwance, shi yana iya jawo masa matsala da hukumar shige da fice. NCAA da bakinta take cewa ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na 'yan wasanta ne ke zama ƙwararru, NBA kuwa mutum 60 take zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. To in ba kuɗin talla, ba NBA, ladan gumin yaronmu na shekara huɗu digirin nan ne. Har zaman aiki bayan karatu ya dogara da fannin: wata 12 ake ba ɗalibin waje, amma wanda ya karanta kimiyya, fasaha, injiniya ko lissafi yana iya samun ƙarin wata 24. Yaron da aka cire daga injiniya don ya buga kaka ɗaya, shekara biyu na aikin Amurka aka cire masa bai sani ba.

Shiga rajistar ma kanta kasada ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da zarar sunan yaro ya shiga, makarantarsa na da ikon yanke masa tallafin karatu a ƙarshen wannan zangon, kuma ba kowa ake kira ba. Ba'amurke in bai samu ba sai ya koma ɗakin uwarsa ya jira. Namu bizarsa a jikin makaranta take, in ba makaranta ba zama.

Akwai hanya mafi sauƙin haɗari, kuma ina mamakin yadda ba a gaya wa yaranmu ita. Ɗan wasa ya daure ya gama digirinsa na farko a inda yake, in yana da sauran kakar wasa sai ya koma wata jami'a ya buga ta yana digiri na biyu. Ya sauya makarantar, bai yi asarar kiredit ko ɗaya ba. Tobi Amusan ma, wadda ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022, ba ta yar da karatunta a Jami'ar Texas ta El Paso ba bayan ta zama ƙwararriya, ta ci gaba har digiri na biyu. Na san akwai yaron da zama ba zai yiwu masa ba, ko don wulaƙancin koci, ko wariya, ko an rage masa tallafi. Wannan ya tafi, amma kada ya tafi a makance.

Roƙona ga iyaye, ko da ba ku jin Turanci, ku nemi wani ɗan uwa malami ya zauna da ku a waya. Kafin yaro ya ce ya amince, a turo masa a rubuce, daga ofishin magatakardar jami'a ba daga bakin koci ba, kiredit nawa za a karɓa, nawa ne daga ciki za su shiga fannin da yake so, kuma a wace shekara zai gama. A tambaya ko tallafin zai ci gaba idan ya ji rauni ko kakar wasansa ta ƙare bai kammala ba. A tabbatar makarantar tana da amincewar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta karɓa, don da wannan tantancewar zai shiga bautar ƙasa. Hukumomin wasanninmu, AFN ta guje-guje da tsalle-tsalle da NBBF ta ƙwallon kwando, da suke kiran yaran nan su sa rigar ƙasa, ya kamata a ce suna da ko mutum ɗaya da ya san waɗannan dokoki wanda yaro zai kira kafin ya sa hannu.

Kai kuma Malam Edita, idan wakilinka zai sake hira da ɗaya daga cikinsu, bayan ya tambaye shi daƙiƙa nawa ya yi, don Allah ya ƙara da tambayarsa abin da yake karantawa, da ko shi ne fannin da ya fara da shi, kuma ku buga amsar.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin wasanni,
Samaru, Zariya.