Koke zuwa ga Sarkin Hausawa kan maganar gina marina a Tarkwa Bay

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne yaranka na Tarkwa Bay da ke bakin tekun Legas, wasunmu masu hawan igiyar ruwa da allo, abin nan da ake ce ma safin, wasu masu tsire da kwakwa da hayar kujera da rumfa, sai direbobin kwale-kwale masu ɗauko mutane daga tashar kwale-kwale ta CMS a cikin Legas. Da mun so mu taso fada gaba ɗaya, sai muka ga gara takarda ta riga mu, don in muka taru kowa da bakinsa maganar watsewa za ta yi.

Ranka ya daɗe, kwanakin nan wasu mutane ke zuwa da sassafe da hular kwano da na'urar awo mai ƙafa uku, suna kakkafa 'yan tutoci a yashi daidai gindin duwatsu inda muke shiga ruwa. Muka tambaya, ɗayansu ya ce marina za a gina. Dattijonmu mai shayi har ya ce to madalla, ashe rini ya iso Legas, shi a zatonsa irin marinar Ƙofar Mata ce ta Kano. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Tasu marinar wurin ajiye jiragen shaƙatawa ne na masu hannu da shuni, kuma ba ta yiwuwa sai an ja katangar dutse ta tare teku ruwa ya kwanta luf kamar na randa, sannan a yashe ƙasa ya yi zurfi. To ai abin da muke hawa kenan za a kwantar.

Mun san akwai masu cewa me ya haɗa Bahaushe da teku, wasan Turawa ne, ku je ku nemi sana'a. Allah ya taimaki Sarki, da yawanmu a nan aka haife mu, mun iya iyo kafin mu iya keke. Kuma sana'ar ce. Baƙo ya zo Asabar ko Lahadi, yaro ya ba shi hayar allo ya koya mishi tsayuwa, in ya fito da yunwa ya sayi tsire ya sha kwakwa, mai kwale-kwale ya mai da shi gida, kuɗin mutum ɗaya ya shiga aljihu huɗu ko biyar. Sannan duk wanda ya san wurin ya san in ruwa ya ja baƙo, yaran nan masu allo ne ke fara isa gare shi tun kafin 'yan uwansa su gama salati. Wasan ma yanzu har gasar Olamfik ya shiga, tun ta Tokyo da aka yi a 2021.

Abin da muke so a fahimta, igiya mai hawuwa ba ko'ina take ba. Legas bakin teku ce dai, amma yawancin wurare ruwan tashi yake ya rufto gaba ɗaya kamar an kifa kwarya ya maka mutum da ƙasa, ba ka da inda za ka bi. A nan kuwa akwai duwatsun da Turawa suka jera tsakanin 1908 da 1912 don tsare mashigar jirage. Igiya za ta shigo ta bugi dutsen ta dawo a karkace ta haɗu da mai biyo bayanta, sai su ɗaga tare su yi tsini, sannan ta fara karyewa daga gefe guda tana tafiya tana ba ka hanya. Kana kwance a kan allo ka goga mishi kakin kyandir don kar ƙafa ta zame, ka hango ta ta yi duhu daga nesa, ka tuƙa da hannu sau uku huɗu sai ka ji ta ɗauke ka ta baya, ka miƙe, wallahi 'yan daƙiƙu ne amma saboda su yaro ke tashi da asuba bayan salla ba wanda ya tashe shi. Duk wannan kwanar dutsen ce da yadda yashi ya kwanta a ƙasa suka haɗa shi. Ka taɓa ɗaya, shikenan.

Ba tsoron banza muke ji ba, an yi a wasu wurare. A Kalifoniya ta Amurka akwai wata igiya da ake ji da ita a Dana Point, a 1966 aka fara zuba duwatsun tashar ƙananan jirage, har yau ba ta dawo ba, sai hoto. A Mundaka ta ƙasar Sifen an yashe bakin kogi a 2003 don jirgi ya wuce, igiyar ta ɓace, sai da aka soke gasar duniya ta 2005 a garin, su Allah ya taimake su yashi ya dawo da kansa a hankali, mu kuwa in katanga ce ba ta tashi. Ƙasar Peru ma doka ta yi tun 2000 ta kare wuraren igiyar ruwa, ana musu rajista kamar fili.

Amma me zai kai mu nesa. Ranka ya daɗe ka fi mu sanin bakin ruwan Bar Beach na nan Legas, iyayenmu a can suka yi hayar doki suka aurar da 'ya'ya, yau unguwar Eko Atlantic da aka cike teku aka gina ce a wurin, talaka sai leƙe daga mota. Duwatsun nan da suka ba mu igiya su ne suka tare yashin da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, ya taru ta gefen bakin ruwan Lighthouse da ke yamma da duwatsun, Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. Wato an riga an gani da ido cewa in ka sa dutse a teku nan, can wani wuri ake biya. A 2024 kuma aikin titin Legas zuwa Kalaba ya cinye bakin ruwan wurin shaƙatawa na Landmark. Janairun 2020 da aka tashi jama'a daga Tarkwa Bay kan maganar masu fasa bututun mai, wannan ba sai mun tuna maka ba, har yanzu akwai waɗanda ba su farfaɗo ba. Shi ya sa yanzu ko tuta muka gani a yashi gabanmu ke faɗuwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Mu ba mu ce kar a kawo ci gaba ba, kuma mun san ƙasa da masu ita, ba mu zo ja da sarakunan Yarabawa masu wurin ba, tare muke da 'ya'yansu a cikin ruwan nan, da Egun da Ijo da kowa, allo ɗaya muke karɓa-karɓa. Roƙonmu Sarki ya kai mana maganar nan gaban shugaban ƙaramar hukuma da sarakunan yankin da ma'aikatar jiha mai kula da gine-ginen bakin ruwa, a tsayar da awon nan tukuna har a nuna mana takarda, waye mai aikin, waye ya ba da izini, daga ina zuwa ina katangar za ta bi. Akwai doka tun 1992 da ta ce babban aiki irin wannan sai an yi binciken illarsa ga muhalli an baje rahoton jama'a sun gani sun yi magana. To a baje shi a nan bakin ruwan, ba a wani ofis a Ikeja ko Abuja da ba mai kuɗin motar zuwa ba, kuma a yi zaman da Hausa da Yarabanci da burokin, don in da Turancin lauyoyi ne gyaɗa kai kawai za mu yi a ce mun yarda. Masu binciken kuma su zauna da mu, mun fi na'urarsu sanin inda yashi ke komawa da damina.

In marinar ce dole, ga ruwan lagun can kwance ba igiya, ga bakin Five Cowrie ta Ikoyi inda dama kulob-kulob na jirage suke, can ba sai an kashe komai ba.

Idan Sarki zai turo wakili ko mutum ɗaya ne, ya zo ranar Asabar da hantsi, mu za mu biya kuɗin kwale-kwale daga CMS, ya tsaya kan duwatsun ya ga yaran a cikin ruwa, mu nuna mishi inda aka kafa tutocin. Sunayenmu da sa hannu da dangwalen waɗanda ba su yi boko ba suna jikin takardar da za mu kawo fada.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Yaranka masu hawan igiyar ruwa da masu sana'a a bakin Tarkwa Bay, Legas.